Bayan Windows 10: wace uwar manhaja ce za ta riƙe mu a Damagaram?

Shin da gaske ne duk kwamfutar da ke ɗauke da Windows 10 ta gama aiki tun daga ranar 14 ga Oktoba 2025? In kuwa haka ne, ina mutum zai nufa: Windows 11, ko Mac, ko wannan Linux ɗin da ƴan jami'a ke yawan ambato? Tambayar da wani dattijo mai shagon kayan gini a Kasuwar Dole ya kawo mini ke nan, da kwamfutarsa a naɗe cikin darduma. Ya ajiye ta bisa benci ya ce, "Malam, yarona ya ce wai masu ita sun kashe ta daga can. Lissafin bashin mutane na shekara shida yana ciki." Na danna ta, ta tashi lafiya lau. Na ce, "Alhaji, ba ta mutu ba. Mai gadinta ne ya ajiye aiki."

Tun daga lokacin na ji wannan magana a bakin mutane da yawa, kowa da yadda ya fahimce ta. Wasu sun firgita, wasu kuma da suka ga kwamfutarsu na aiki sai suka ce ai dama ƙarya ce. Duka biyun akwai gyara.

Mece ce uwar manhaja?

Kwamfuta ƙarfe ce da roba da wayoyi. Abin da ke sa ta gane allon rubutu, ta gane firinta, ta raba wa kowane aiki wurinsa a ƙwaƙwalwa, ta tambaye ka kalmar sirri, shi ne uwar manhaja, wadda masu gyara a nan ke kira sistem. Word da Excel da Chrome ƴaƴa ne da ke zaune a ɗakinta. Mutane da dama suna ɗaukar Windows da Word abu guda ne, don rana ɗaya aka zuba musu su, alhali kowanne da lasisinsa da kuɗinsa.

Uku ne manya. Windows na kamfanin Microsoft ne, ya fito tun 1985, kuma kusan kwamfutoci 7 cikin 10 na tebur da na cinya a duniya shi suke ɗauke da shi. macOS na Apple ne, a kan na'urorin Apple kaɗai aka yi shi ya zauna. Linux kuwa wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991, ya bar rubutunsa a buɗe, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya rarraba kyauta. Shi ya sa yake da iri-iri: Debian, da Ubuntu wanda wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa a 2004, da Linux Mint wanda aka gina a kan Ubuntu. Wanda ke cewa bai taɓa taɓa Linux ba, in wayarsa Android ce, to Linux ne a ƙarƙashinta.

Abin da ya faru a watan Oktoba

A Talata ta biyu ta kowane wata Microsoft kan fitar da facin tsaro, wato gyaran kafofin da aka gano ɓarayin intanet na iya bi su shiga. Shi ne mizajur ɗin da kwamfuta ke damun mu da shi. Windows 10 ya fito a Yulin 2015, aka yi shekara 10 ana yi masa wannan faci, sai aka tsaya. Haka aka yi wa Windows XP a Afrilun 2014, haka aka yi wa Windows 7 a Janairun 2020. Office 2016 da Office 2019 ma a rana ɗaya da Windows 10 aka sallame su, abin da mutane kaɗan suka lura da shi.

Kwamfutar za ta ci gaba da tashi, ta rubuta, ta buga takarda. Amma duk kafar da aka gano daga baya haka za ta zauna a buɗe. Kamfanin ya ba masu kwamfutar gida ƙarin wa'adi zuwa 13 ga Oktoba 2026, a kan dalar Amurka 30, kusan jika 17 ke nan a kuɗinmu, ko kuma kyauta ga wanda ya haɗa kwamfutarsa da asusun Microsoft ya yarda a riƙa adana saitinta a can. Sharaɗin shi ne Windows ɗin ya kasance mai lasisi, kuma an kai shi fitowar ƙarshe da ake kira 22H2.

Me zai hana kowa ya hau Windows 11? Ƙarfen ne ke hanawa. Windows 11 na neman ƙwaƙwalwar aiki giga 4, da ma'ajiya giga 64, waɗannan da sauƙi. Sannan yana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesa, wato guntun da ke sarrafa dukkan aikin kwamfuta, wanda in na Intel ne sai daga zuriya ta 8 zuwa sama. Duba lambar da ke bayan i5 ko i7 a kwamfutarka: in ka ga i5-6300U, zuriya ta 6 ce, ba ta shiga, in ka ga i5-8250U, ta 8 ce, ta shiga. Yawancin HP da Dell da Lenovo ƴan gwanjo da ke shigo mana ta Kano ko Kwatano ko Dubai, waɗanda ofisoshin Turai suka gama mora, suna ƙasa da wannan layi. Kuma ina sa ran za su ƙaru a kasuwa su yi araha, tunda can ana ta sauke su. Wanda zai sayi kwamfuta ta hannu bana, wannan lambar ya fara dubawa kafin kyan jiki.

Akwai dabarar da masu gyara ke yi su tura Windows 11 a kan tsohuwar na'ura. Tana aiki, amma Microsoft ya faɗa fili cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da ba irin wannan na'ura faci ba.

Juriya: kuran, zafi da ƙura

A ƙasashen da aka rubuta yawancin kwatancen da muke karantawa, wuta ba ta ɗaukewa. Mu kuwa kafin a zo kan Windows ko Linux, akwai abubuwa uku da ke kashe kwamfuta a Zinder. Zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Ƙurar hunturu da ke toshe fanka har na'ura ta riƙa kashe kanta. Sai kuran da ke tafiya ba sallama. Na buɗe kwamfutocin da masu su suka rantse birus ne ya kama su, na tarar da fankar ta yi kitse da ƙura kamar bargo. Aka hure ta, ciwo ya warke.

Windows da Linux da Mac duka suna da dabarar kare fayil idan wuta ta yanke. Tsarin ajiyar Windows, NTFS, da na Linux, ext4, suna rubuta abin da za su yi a wani ɗan kundi kafin su yi shi, kamar ɗan kasuwar da ke shigar da ciniki a littafi kafin ya buɗe aljihun tebur. In wuta ta dawo sai su duba kundin su daidaita. Na Mac ma yana da tasa hanyar. Don haka yankewar wuta a tsakiyar rubutu takan ci shafin da ba ka adana ba, ba kasafai take rushe kwamfutar ba.

Lokacin haɗari shi ne lokacin mizajur. Kowa ya san allon nan da ke cewa kar a kashe kwamfuta. In kuran ya tafi a wannan gaɓa, a kan kwamfutar tebur marar batirin riƙe wuta, tana iya ƙin tashi. A nan nake ganin Linux Mint ya fi dacewa da halinmu: yana nuna maka akwai sabuntawa, ya jira ka zaɓi lokacin da kake da wuta da forfe. Windows ya fi son ya zaɓa da kansa, ko da yake ana iya dakatar da shi na wasu makonni, a kuma gaya masa cewa datar a ƙidaye take don ya rage ja.

Kan tsohuwar na'ura mai giga 4 da faifai mai juyawa, Windows 10 kan yi jan ƙafa har mutum ya sha shayi kafin Word ya buɗe. Linux Mint, musamman mai fuska marar nauyi da ake kira Xfce, giga 2 ma yana tashi da shi, kuma fitowa ta 22 za ta samu faci har 2029. Sai dai in faɗi gaskiya, canza faifai mai juyawa da SSD, wato ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa, ya fi kowane canjin manhaja saurin nuna bambanci.

Masu son Linux kan kafa hujja da cewa tun Nuwambar 2017 dukkan manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya shi suke amfani da shi. Gaskiya ne, amma waɗancan injiniyoyi ke kwana a kansu. A kan kwamfutar cinya, yakan faru ka zuba Linux wifi ya ƙi kamawa saboda kamfanin da ya ƙera guntun bai damu da yi masa direba ba, wato ƴar manhajar da ke sa sistem ya gane guntun. Su kuma masu sukar Windows sukan tuna ranar 19 ga Yuli 2024, da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 suka nuna shuɗin allo, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Amma kuskuren daga sabuntawar wani kamfanin tsaro ne mai suna CrowdStrike, wanda manyan ma'aikatu ke amfani da shi, bai shafi kwamfutar gida ba.

Tsaro: sai bango ya tsage

Wata rana a wani shagon buga takardu da ke kan hanyar jami'a, wata ɗaliba ta shigo da kile a hannu, za ta buga kundin kammala karatunta. Aka soka kilen, sai ga fayiloli duk sun koma gumaka masu ƴar kibiya a gefe, ka danna ba abin da ke buɗewa. Ta dafe kai, hawaye suka fara zuba. Ta ce wa mai shagon, "Yaya, aikin wata takwas ne, kuma ba ni da shi a ko'ina." Ya ce, "Ƙanwata, zauna ki sha ruwa tukuna." Ina wurin da kwamfutata mai Linux, na karɓi kilen na soka. Duk fayilolinta suna nan, birus ɗin ɓoye su kawai ya yi ya ajiye gumakan bogi a madadinsu. Muka kwashe aikin, muka goge kilen. Da ta danna gumakan a wata kwamfuta mai Windows, da ita ma ta kamu, ta shafa wa duk kilen da aka soka mata bayan nan. Haka wannan cuta ke yawo tsakanin shaguna da ofisoshi da makarantu.

Me ya sa bai kama tawa ba? Don an rubuta shi ne da yaren da Windows ke ji. Ɓarawo gidan da ya fi yawa yake koyon buɗe makullinsa. Akwai kuma bambancin gini: a Linux, manhajoji daga rumbun da masu tsarin ke kula da shi ake ɗauko su, kuma ba abin da zai taɓa zuciyar tsarin sai an nemi kalmar sirrinka. Mac ma yana tare manhajar da ba ta da sa hannun wanda Apple ya sani. A Windows mun saba ɗauko manhaja daga duk shafin da muka tarar, ko daga kilen aboki.

Wannan ba ya nufin sauran biyun tsarkaka ne. A 2012 wani birus mai suna Flashback ya kama Mac kusan 600,000. A Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano ƙofar baya da aka dasa da gangan cikin wata ƙaramar manhajar Linux mai suna xz, bayan wanda ya dasa ta ya shafe shekaru yana nuna kansa mai taimako. An kama ta kafin ta kai ga yawancin mutane, kuma buɗewar rubutun ce ta sa aka iya bin sawunta, amma saura ƙiris.

Labarin da ya fi koya mana darasi shi ne na WannaCry. Ranar 12 ga Mayu 2017 ya bazu a ƙasashe kusan 150, yana kulle fayilolin mutane yana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan kafa tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Waɗanda suka sabunta sun tsira, waɗanda ba su sabunta ba su suka sha. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan ne maganar ta zo gida. Windows 11 na gaskiya, mai lasisi, mai karɓar faci, da Defender ɗinsa, wato antibirus ɗin da ke zuwa tare da shi, a kunne, tsari ne mai tsaro sosai, kuma mutum na gida ba ya bukatar sayen wani antibirus a kansa. Amma wannan ba shi ne Windows ɗin da ke kan yawancin teburanmu ba. Namu fasasshe ne, wanda masu gyara ke kira kirake. Kafin a fasa shi, matakin farko shi ne a kashe antibirus, sannan a ba wata manhaja da ba a san wanda ya rubuta ta ba cikakken iko a kan na'urar. Bayan nan sai a toshe mizajur, wani don kar lasisin bogin ya faɗi, wani don kar forfe ya ƙare. Ba na zargin kowa, kuɗin lasisi ya fi ƙarfin ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci, data kuma da tsada. Sai dai kwamfutar da aka toshe wa mizajur tun ranar da aka saye ta, ita 14 ga Oktoba bai canza mata komai ba, dama can ba mai gadi. Don haka ainihin zaɓin da ke gaban yawancinmu shi ne tsakanin fasasshen Windows da Linux na halal wanda ba a biyan ko dala a kansa. A wannan awo, ta fuskar tsaro, Linux nake ba gaskiya ba tare da shakka ba.

Abu guda ne babu uwar manhajar da ke maganinsa. Wanda aka kira shi a waya aka ce ya ci kyauta, ya karanto lambar sirrin da aka aiko masa, ko ya bar WhatsApp ɗinsa a buɗe a kwamfutar sibar ya tafi, ko da Mac yake aiki an gama da shi.

Sauƙin aiki, da wanda zai gyara

A nan Windows ya yi wa sauran nisa, kuma dalilin sabo ne. Da shi aka koya mana, da shi ofisoshi ke aiki, takardar da za a aiko maka ta Word ce. Fuskar Linux Mint ta yi kama da ta Windows 7, da maɓallin farawa a kusurwar hagu ta ƙasa, kuma na ga yaran da ba su taɓa riƙe kwamfuta ba sun saba da shi cikin kwana biyu. Wanda ya shekara 15 da Windows shi ya fi shan wahala. LibreOffice, wanda ke zuwa tare da shi kyauta, yana buɗe fayilolin Word da Excel, amma doguwar takarda mai tebura da hotuna tana iya zamewa, shafi 80 ya koma 83. Maganin shi ne a mayar da ita PDF kafin a kai bugu.

Akwai sana'o'in da ba zan ba shawarar su motsa ba. Akanta mai aiki da Sage, mai zanen gini da AutoCAD, mai buga katin biki da kalanda da Photoshop ko CorelDRAW, duk waɗannan manhajoji ba su da fitowar Linux. Firinta ma sai an duba: na HP galibi suna kamawa da kansu, amma tsofaffin Canon irin su LBP 2900 da suka cika shagunan sakatariya suna wahalarwa.

Ga mu masu rubutu da Hausa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ sun daɗe suna ba mu ciwon kai. Windows da Linux duka suna da tsarin allon Hausa a ciki, kunna shi kawai ake yi a saiti. Sai dai an shimfiɗa shi a kan jerin QWERTY na ƴan Najeriya, mu kuma hannunmu ya saba da AZERTY na Faransanci, don haka sai an ɗan yi haƙuri kafin yatsu su gane.

Babbar matsalar Linux a garin nan ita ce mai gyara. In Windows ya lalace, daga Birni zuwa Zango zuwa Sabon Gari ba za ka rasa wanda zai taɓa shi ba. In Linux ya yi tari, akasari abin da za a ce maka shi ne a goge a zuba Windows. Wannan gibi ne da Jami'ar André Salifou da cibiyoyin koyon sana'a za su iya cikewa, kuma matashin da ya ƙware a kansa yanzu zai samu kasuwa, domin tsofaffin na'urorin nan ba inda za su.

Mac kuwa na'ura ce mai kyau, tunda kamfani ɗaya ke ƙera ƙarfen da manhajar, kuma tun da Apple ya koma furosesansa na M1 a 2020 batirinta ke daɗewa, abin da ke da daraja a garin da kuran ke yawo. Amma tsadarta ta fi ƙarfin yawancinmu, ƙwaƙwalwa da ma'ajiyar yawancin sababbin a like suke ba a canzawa, in ta lalace kuma sai an nemi hanyar Kano ko Yamai. Mai sayen ta hannu ya kula da abu biyu: kar ta zo a kulle da asusun mai ita na farko, kuma Apple ya sanar cewa macOS 26 ne na ƙarshe ga masu furosesan Intel.

Makarantu da ma'aikatu fa?

Yanzu da ake yawan maganar diyaucin ƙasa, wasu na tambaya me ya sa takardun hukuma za su dogara da manhajar da wani kamfanin waje ke yanke wa wa'adi. Tambaya ce mai nauyi, kuma an gwada amsa ta a wasu wurare. Jandarmomin Faransa sun fara komawa Ubuntu tun 2008, sun kuma ɗore. Birnin Munich na Jamus ya koma Linux, sai a 2017 majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Jihar Schleswig-Holstein, a Jamus ɗin dai, ta sanar a 2024 cewa za ta sauya kwamfutoci kusan 30,000. Abin da na fahimta shi ne, inda aka yi nasara a hankali aka bi: aka fara canza manhajar rubutu da ta shiga intanet, aka horar da ma'aikata, sannan aka taɓa uwar. Ɗakin kwamfuta na lise ko koleji, inda na'urori 20 ke tsaye saboda birus ɗin kile, nan ne ya fi dacewa a fara, don yara ba su da sabon da za a kankare.

Gwaji kuma ba ya cin komai sai data: ana sauke Linux Mint, kusan giga 3, a sa shi a kile, a tayar da kwamfuta daga kilen ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. A duba wifi, a duba sauti, a duba firinta. In bai yi ba, a zare kilen, Windows na nan yadda aka bar shi.

Haka muka yi da Alhaji. Da farko muka kwafe littafin bashin zuwa kile sabo, muka kuma aika kwafi ɗaya wayarsa. Furosesan i5 ne na zuriya ta 4, ba hanyar Windows 11. Muka tayar da Mint, fayil ɗin Excel ya buɗe da lissafinsa daidai, amma firintar rasiti ta ƙi amsawa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ni wannan lissafi kawai nake yi da ita, ban shiga intanet." Sai muka bar mata Windows 10, muka kashe wifi, muka yi yarjejeniya cewa ba kilen kowa da zai sake shiga jikinta sai nasa, kuma duk Juma'a bayan masallaci yaron shago zai kwafi littafin. Kwamfutar ɗansa kuwa, wadda ke kwana a Facebook da YouTube, ita aka zuba wa Mint a yammacin ranar, bayan kuran ya dawo.